Allon da Ya Tsaya a Kan Huɗu

Kankia,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Abuja lafiya, kin yi salla, kin ci abinci. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Na ce wa mahaifiyarki ta sa maki ita can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin kuka da yaji, don na san ba za ki kai wurin ba sai kin huta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika baro shi. Kin samu aikin rubuta manhaja, kuma kin ce mani wadda asibitoci za su yi aiki da ita ce. Tun ranar da kika faɗa mani haka ban samu natsuwa ba. Akwai abin da na yi a wannan sana'a da ban taɓa gaya maki ba. Kina jami'a lokacin, da kika dawo kuma na bar ki da abin da kika ji a gari. Kin san Malam Haladu na Kaikai, wanda kike kira Baba Haladu, mai kawo maki ƙwan zabi da damina. Kin ji an sallame shi daga wurin tara madara, an ce sakaci ya yi. Bai yi sakaci ba. Manhajar da na rubuta ce ta yi yoyo, ni kuma na tsaya gaban jama'a na mai da shi maƙaryaci. Zan faɗa maki yadda aka yi kamar yadda aka koya mani rubuta labari: abin da ya faru tukuna, ra'ayi daga baya.

Kin san asalina ɗan jarida ne. Na daɗe a Kaduna ina tace labarai, ina gyara rubutun wasu. Da aka kawo kwamfuta don tsara shafi na koye ta, daga nan na zarce na koya wa kaina rubuta manhaja daga littattafai. Da jaridar ta durƙushe na dawo Kankia da wannan ɗan ilimi. Ba ni da malami, ba kuma mai duba aikina. Mutumin da ya yi shekaru yana kama kuskuren wasu, ga shi ya zauna yana rubutu ba mai kama nashi. Ban ga haɗarin wannan ba a lokacin. Ke in an ce wani zai duba abin da kika rubuta, ki gode, ko da ƙaninki ne a shekaru.

Ƙungiyar makiyayan da ke wajen Kaikai ta samu tankin sanyaya madara. Mata su kawo madarar safe, a zuba, ta zauna cikin sanyi har motar wani kamfanin yogot ta zo daga Kano ta ɗauka. Aka ce in yi masu abin da zai riƙa lura da sanyin tankin. Na haɗa 'yar ƙaramar kwamfuta da ma'aunin zafi da allo. Allon yana nuna lambar zafin tankin, huɗu ita ce lafiya. In lambar ta hau, saƙo ya tafi wayar mai kula da wurin. Mai kula da wurin shi ne Malam Haladu, tsohon malamin firamare, manomi, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. An zaɓe shi ne don ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya.

Da janareta aka fara aiki. A tashe shi da asuba, mota ta kwashe madara da la'asar, a wanke tanki, a kashe komai. Shekara biyu ana haka ba a taɓa kawo mani ƙara ba. Har na fara faɗin haka a majalisa.

Kin fi ni sanin abin da ake kira yoyon memori, amma bari in faɗe shi da Hausa don ya zauna. Duk aikin da manhaja za ta yi sai ta kama wuri a memorin kwamfuta, in ta gama ta saki. In akwai inda take kamawa ba ta saki, ko ɗan kaɗan ne, wurin sai ya yi ta raguwa har ranar da za ta nema ta rasa. Ranar sai ta yi nauyi, ko ta tsaya cak, ko kwamfutar da kanta ta kashe ta. In kuwa aka kashe na'ura aka kunna, komai ya koma sabo. Nawa yoyon yana nan tun ranar farko. Janareta ne ke share shi kowace la'asar. Shekara biyu ina karɓar yabo a kan aikin da mai kashe janareta yake yi mani. A ƙasar nan rashin wuta ya rufa wa masu sana'armu da yawa asiri, kuma ba mu sani ba.

Saboda haka kada ki ce manhaja ta yi kyau don ta wuni lafiya a kan teburinki. Ki tambaya kwana nawa za ta yi ba a kashe ta ba a inda za a kai ta. Ki bar ta ta yi fiye da haka a gabanki, kina rubuta yawan memorin da ta riƙe. In lambar tana hawa tana saukowa, aiki take yi. In tana hawa ba ta dawowa inda ta faro, kada ki sake ta, ko da manya na tsaye a kanki suna jira.

Sai aka sa wa wurin sola da batura, don a riƙa karɓar madarar yamma ma, mota kuma ta riƙa zuwa bayan kwana biyu. Kowa ya yi murna, har da ni. Ban tsaya na tambayi kaina ba: na'urar da ta saba barci kullum, yanzu yaushe za ta yi barci? Bayan kamar mako biyu, ina wurin suna a Tafashiya, Malam Haladu ya kira ni.

Ya ce, "Malam, na'urar nan taka hwa ta yi nauyi. In na taɓa ta sai ta yi dogon tunani kahin ta amsa, kamar tsohon da aka tambaya shekarunshi."

Na yi dariya, na ce, "Malam Haladu, ko dai yatsun ne suka tsufa? Kashe ta ka kunna."

"Shi ke nan maganin?"

"Shi ke nan. Irin wannan ba sai ka kira ni ba."

Ya kashe ya kunna, ta warware. Daga nan duk lokacin da ta yi nauyi haka yake yi mata, bai kuma sake kira na ba, tunda ni na ce kada ya kira. Mutumin ya ba ni cikakken bayanin cutar, cikin kalmomin da suka fi na littattafaina dacewa, na mayar mashi da raha a kan yatsunshi. Ummi, "kashe ka kunna" ba gyara ba ne. Yana ɗage ranar wahala ne kawai, kuma yana goge shaidar da za ki bi ki gano dalili. In mai aiki da manhajarki ya ce ta yi nauyi, ki tambaye shi tun yaushe, yaushe aka kunna ta, kullum haka take ko ƙaruwa take. In dole ne a kashe don aiki ya ci gaba, ki fara ɗaukar bayanin abin da ke cikin memorin kafin a kashe. Kada kuma ki taɓa ce wa mutum ba sai ya kira ki ba.

Da damina ta kankama, wata rana injin sanyin tankin ya lalace. Wannan ba laifin kowa ba ne, inji yana lalacewa, don haka ma aka sa na'urata. Amma ɓangaren manhajar da ke aunawa ya riga ya mutu tun da hantsi, memori ya ƙare mashi. Ɓangaren da ke nuna lamba kuwa yana raye, yana riƙe da lambar ƙarshe da aka ba shi. Malam Haladu ya duba da la'asar, huɗu. Ya duba da magariba, huɗu. Ya duba da asuba, huɗu, ya rubuta a littafinshi. Tankin bango biyu gare shi, ba a jin zafinshi daga waje, ni kuma na hana a riƙa buɗe murfin ana leƙawa, na ce allo ya isa. Mata suka zuba ta safe ta bututu a kan ta jiya. Da motar Kano ta zo, mai gwajinsu ya ɗaga murfi, ko gwadawa bai yi ba ya mayar ya rufe. A rami aka zubar da madarar kwana biyu ta gidaje da yawa. Kamfanin ya ce ba zai sake turo mota ba sai an gano dalili. Kafin su tafi, mai gwajin ya kashe na'urar ya kunna, ta nuna mashi zafin gaskiya.

Aka kira taro ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban wurin. Maza a gefe, mata a gefe, sun haura arba'in. Na riƙe ma'aunin a tafin hannuna har ya ɗumama, lambar ta hau, wayar Malam Haladu ta yi ƙara a aljihunshi kowa yana ji. Sannan na buɗe rajistar da manhajar ke rubuta aikinta, na ga giɓi: daga hantsin jiya zuwa yau ba ta rubuta komai ba. Shugaban ƙungiya ya ce, "Malam, mi wannan ke nuhi?"

Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Abin da na ce shi ne, "Alama ce an cire ta daga wuta." Kowa ya san mutane na kawo wayoyi caji tun da aka sa sola. Ban ce shi ya cire ba, ban kuma buƙaci in ce ba.

Malam Haladu ya ce, "Wallahi ban cire ta ba, ban kuma bari an cire ba. Huɗu na gani, sau uku."

Na ce, "Na'ura ba ta ƙarya, Malam Haladu."

Ya ciro makullin wurin ya ajiye a kan tabarma, ya ɗauki takalmanshi. Wata tsohuwa cikin matan, Inna Daso, ta ce da ƙarfi, "Da a ƙwaryata ta kwana da ta zama nono na kai kasuwa. A tankinku ta zama mushe." Wasu suka yi dariyar takaici. Shi bai waiwayo ba. Daga ranar bai sake shiga gaba ya ja salla ba. Ba wanda ya hana shi. Cewa ya yi wanda aka ƙaryata rantsuwarshi a gaban mutane bai kamata ya tsaya masu a gaba ba.

A gidan jarida ba ma buga zargi a kan mutum da majiya ɗaya. Ni ranar ko ɗaya ba ni da ita. Giɓi ne kawai na gani, giɓi kuwa ba ya faɗin wanda ya yi shi. Ummi, ranar da aikinki ya lalace a gaban mutane za ki ji bakinki yana neman wanda zai ɗora wa. Ki ce, "Ban sani ba tukuna, ku ba ni lokaci." Kunyar wannan magana ta rana ɗaya ce.

Aka gyara injin, aka ba wani Malam Idi makulli, motar ta dawo. Bayan mako biyu Malam Idi ya kira ni ya ce na'urar ta yi nauyi. Kusan da kalmomin Malam Haladu ya faɗa. Ina tsaye a bakin titi inda motocin Kano ke tsayawa lokacin. Na ce kada ya taɓa ta, ina zuwa. Da na isa na duba, memorin saura ƙiris.

A nan ma na yi kuskure, ko da yake ƙarami ne. Na dawo gida na hau zato. Na ce lallai jerin lambobin da nake ajiyewa ne don zana hoton sanyin rana, na sa mashi iyaka. Yoyo bai tsaya ba a Kaikai. Na zargi ma'aunin, na zargi allon. Kusan wata guda ina gyara abin da bai lalace ba. Abin da ya fi ɗaure mani kai, irin na'urar da na kunna a ɗakina a nan Kankia ta yi makonni garau. Sai da na gaji da wayona na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na sa ta Kaikai ta riƙa rubuta yawan memorinta kowace awa. Da na zana lambobin a takarda, ba a hankali suke hawa ba. Su tsaya wuri ɗaya, su yi tsalle, su tsaya, su yi tsalle, kamar matakala. Na tambayi Malam Idi abin da ke faruwa a waɗancan awoyi. Ya yi tunani ya ce, "Ai lokacin ne ba a samun waya. In hadari ya taso sabis sai ya tahi."

Na ɗauki bayanin abin da ke cikin memorin kafin tsalle, na sake ɗauka bayan tsalle, na jera su ina kwatantawa kamar yadda muke kwatanta rubutun asali da na bugu. Abu ɗaya ne ya ninka: hanyoyin aika saƙo. Manhajar tana aika rahoto lokaci zuwa lokaci. Ta buɗe hanya, ta aika, ta rufe. In sabis ya ɗauke, aikawar ta gaza, sai ta tsallake layin rufewa ta koma ta buɗe sabuwa, kowane minti, tsoffin kuma suna nan cikin wani jeri da na manta da shi. Harshen kwamfutar da na yi rubutun da shi yana da mai share memori da kanshi, na dogara da shi. Amma mai sharar ba ya ɗaukar abin da wani ke riƙe da shi, ni kuma ina riƙe. A Kankia sabis ba ya ɗaukewa sosai, shi ya sa tawa ta zauna lafiya. Da damina a Kaikai kuwa, in hadari ya jera kwanaki, abin da ke cika a mako biyu sai ya cika a kwana biyu, shi ya sa ranar ba ta ba Malam Haladu lokacin jin nauyinta ba.

Don in tabbatar, na ɗauko babbar tukunyar ƙarfe ta mahaifiyarki, na sa 'yar na'urar da ke kama sabis a ciki na rufe. Mahaifiyarki ta leƙo ta ce, "Malam, yau kuma intanet za a dafa mana?" Ban iya dariya ba, don a allo ina kallon memori yana hawa a ɗakina kamar yadda ya hau a Kaikai. Gyaran layi uku ne. A rufe hanya ko an yi nasara ko ba a yi ba, a cire ta daga jerin. Na mayar cikin tukunya ta yi kwanaki, lamba ba ta motsa ba. Na ƙara abu biyu: in awo ya wuce minti biyar bai sabunta ba, allon ya goge lambar ya yi ja, kuma wani ɗan ɓangare dabam ya riƙa lura ko mai awon yana raye.

Ki riƙe wannan tsari. Ki auna kafin ki yi zato. Ki nemi abin da ke faruwa a duniya lokacin da lambar ta yi tsalle, wanda ke wurin shi ya sani. Ki ɗauki bayani sau biyu ki ga me ya ƙaru, sannan ki bi ki ga wa ke riƙe da shi. Duk inda kika buɗe wani abu, ki tambayi kanki wa zai rufe shi ranar da aikin ya gaza, don yawancin yoyo a hanyar gazawa yake, hanyar da ba ma son gwadawa. Kuma kada ki ce kin gyara sai kin iya jawo cutar da hannunki, kin kuma ga ta ƙi zuwa bayan gyara.

Yanzu ga wanda ya fi duka. Na kai gyaran Kaikai na sa, na ce wa Malam Idi ɗan sabuntawa ne. Ban faɗa wa kowa ba. A jarida in mun ɓata wa mutum suna a shafin farko, gyaran a shafin ciki muke sa shi, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Na sha yin haka da hannuna. Wannan karon ko ƙananan baƙaƙen ban sa ba. Sai da aka yi makonni, abin ya hana ni sakat, na tafi na same shi a gona yana maimai. Na faɗa mashi komai. Ya jingina da fartanya yana saurare har na gama.

Ya ce, "Ni ai na san abin da na gani, Malam. Ba ni ke neman labari ba."

Na ce ya yafe mani.

Ya ce, "Tsakanina da kai na yahe, duniya da lahira. Amma gaban mutum arba'in ka hwaɗi waccan. Wannan kuma ka zo ka hwaɗa mani daga ni sai gero."

Na ce zan faɗa a taron ƙungiya mai zuwa. Ya ce, "Allah Ya kai mu." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinshi.

Taron sai bayan girbi. Da na so, da Juma'ar makon nan na roƙi shugaba ya tara mutane, ko in tsaya a ƙofar masallacinsu bayan salla. Na ce wa kaina ina so in shirya bayani mai kyau, da zane, yadda kowa zai gane. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin kowace ranar da ta wuce ban tsaya gabansu ba. Ana cikin yankan gero zazzaɓi ya kwantar da Malam Haladu. Kwana biyar ya yi, Allah Ya yi mashi rasuwa. Ina cikin waɗanda suka yi mashi salla, a sahu na biyu.

Ranar taron na miƙe ƙarƙashin darbejiyar nan. Ban fito da zanen ba. Na ce Malam Haladu bai cire na'ura ba, huɗu ya gani kamar yadda ya rantse, manhajata ce ta mutu ta bar allo da tsohuwar lamba, kuma na san haka tun damina na yi shiru. Ba wanda ya zage ni. Shugaba ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, mutane suka ce amin. Inna Daso ce kaɗai ba ta ce amin ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Mun ji, Malam. To, wa zai kai mashi?"



Ummi, za ki yi kuskure a aikin nan, kowa yana yi, kuma naki a asibiti zai sauka. Ranar da kika gano dalilin, kafin ki gyara layi ko ɗaya, ki tambaya wa aka ɗora wa laifin kafin a gano. Ma'aikaciyar jinya ce, ko mai shigar da bayanai, ko mai kula da na'ura. Ki wanke shi a ranar, a gaban waɗanda suka ji an zarge shi, da muryar da aka zarge shi da ita. Bayanin ko bai tsaru ba, ki faɗa haka nan.

In kin yi salla ki sa shi a addu'a da sunanshi, Haladu ɗan Musa. Ni ma ki sa ni.

Allah Ya yi maki albarka. Ya tsare mutuncinki, Ya tsare mutuncin mutane daga harshenki da hannunki. Ya sa ki kwana lafiya ki tashi lafiya a garin da ba ki da kowa sai Shi, Ya dawo mana da ke muna raye ko Ya sada mu a inda ya fi nan. Mahaifiyarki tana gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.